Idan Motoci Masu Lantarki Suka Yi Yawa, Layin Wuta Zai Iya Ɗauka?

"Assalamu alaikum Injiniya. Na ji an ce a ƙasar Norway kusan duk sabuwar motar da ake saya yanzu mai amfani da lantarki ce, kuma ban taɓa jin an ce wutarsu ta lalace ba. Abin yana ɗaure mini kai. Mu a unguwarmu mai walda ɗaya in ya kunna injinsa sai ƙwan ɗakina ya dushe. To yaya ƙasa guda za ta jona motoci masu yawa haka ba tare da komai ya ƙone ba? Wuta ce ta yi musu yawa, ko akwai wata dabara? Kuma in irin motocin nan suka yawaita a wajenmu, me zai sami taransifomarmu? Na tambaya ne don ina da niyyar sayen keke mai batir guda biyu in ba yara su riƙa ja." — Wani mai karatu daga Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Abin da kake son sani, in na fahimce ka, shi ne ko yawan wuta ne ya sa ƙasashen da suka rungumi motar lantarki ba su shiga duhu ba, da kuma ko layin da mai walda ɗaya yake girgizawa zai iya ɗaukar cajin abin hawa. Aikina na yi shi ne a ɓangaren rarraba wuta, wato daga ƙaramar tasha zuwa taransifomar unguwa, daga nan zuwa mitar gida, kuma daga wannan kusurwar zan ba ka amsa. Misalin mai waldan da ka kawo ya fi kusa da gaskiyar lamarin fiye da yadda kake zato. Mai walda ba ya shanye wutar gari. Abin da yake yi shi ne jan wuta mai yawa lokaci guda, ta siririyar waya, a wuri guda. Matsalar motar lantarki ke nan a ko'ina a duniya.

Yunit daban, kilowat daban

Sai mun raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Yunit ɗin da kake saya a mita shi ne yawan wutar da ka sha, kamar yawan ruwan da ya shiga randa; yunit ɗaya shi ne jan kilowat ɗaya na awa guda. Kilowat kuwa shi ne ƙarfin zubar ruwan, wato faɗin bakin famfo. Randa ɗaya ce, kana iya cika ta da siririn famfo cikin dare guda, kana kuma iya cika ta da ƙaton bututu cikin minti biyar. Ruwan da ka ɗiba bai canza ba, amma bututun unguwa ya san bambancin.

Ƙaramar mota mai lantarki tana cin yunit 15 zuwa 20 a tafiyar kilomita 100. Mutumin da ke yin kilomita 40 a rana, tsakanin gida da wurin aiki da kai yara makaranta, yunit 8 sun ishe shi har da ɗan abin da ke salwanta wajen caji. Wannan bai kai abin da na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya ke ci ba in ta kwana tana aiki a watan Afrilu.

Mu ɗauki Norway ɗin da ka ambata. A shekarar 2024 kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya a can masu lantarki zalla ne, kuma a watan Satumbar shekarar yawansu a kan titi ya zarce na masu shan fetur. Ƙananan motocin ƙasar gaba ɗaya ba su kai miliyan uku ba. In ka ce kowace tana yin kilomita 12,000 a shekara, kuma dukkansu sun koma lantarki, lissafina ya ba ni yunit kusan biliyan 7 a shekara. Ƙasar kuwa tana shan sama da biliyan 130. Ka ga ƙarin bai wuce kashi biyar ko shida cikin ɗari ba. Gaskiya ne suna da wuta, kusan kashi 90 cikin ɗari daga madatsun ruwa take fitowa, kuma mutanensu ba su kai miliyan shida ba. Akwai kuma wata sa'a da suka yi: tun da daɗewa da lantarki suke ɗumama gidajensu a lokacin sanyi, don haka wayoyinsu da taransifomominsu an girka su ne don lodi mai nauyi tun kafin motar ta zo. Amma duk da haka, ba a tashar samar da wuta injiniyoyinsu suka fi damuwa ba. Damuwar tana bakin layi, a unguwa.

Lissafin taransifomar unguwa

Nan zan ɗan daɗe, don nan ne maganar take. Taransifomar da aka fi gani a unguwanninmu ita ce mai lamba 300 ko 500, wato kusan yawan kilowat ɗin da take iya ɗauka. Mai 300 tana da layi uku, waɗanda muke kira ja da rawaya da shuɗi, kuma kowane layi iyakar abin da zai ɗauka amfiya 417 ne (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bin waya). Cajar mota ta gida, irin wadda ake kafawa a bango, kilowat 7 da ɗoriya take ja, wato amfiya 32 a kan layi guda. Yanzu a ce gida 40 a unguwar sun sayi mota, kowa ya dawo daga aiki bayan magariba ya jona. Arba'in sau bakwai da ɗoriya ya kusa kilowat 300. Taransifomar ta cika fal, alhali ba a kunna ƙwai ko ɗaya ba, ba firiji, ba fanka, ba injin markaɗe.

To amma nawa motocin nan 40 suke bukata a zahiri? Yunit 8 kowace, jimla 320. In aka shimfiɗa wannan a kan awa takwas na dare, kilowat 40 ne kacal. Motocin ba su ragu ba, kowa zai wayi gari da batir cike, amma nauyin da taransifoma ta ji ya sauko daga 300 zuwa 40. Tsakanin waɗannan lambobi biyu duk wata dabarar haɗa motar lantarki da layin wuta take.

Dalilin da ya sa abin ya yi tsanani shi ne yadda muke tsara unguwa tun asali. Ba ma lissafin cewa kowane gida zai kunna komai lokaci guda. Wannan na guga, wancan ya kashe, wannan firijinsa ya tashi, na maƙwabcinsa ya tsaya. Saboda haka gidan da aka ja wa wayar da za ta ɗauki kilowat 10 ko fiye, a lissafin taransifoma kilowat ɗaya da rabi ko biyu ake ba shi. Dutsen guga minti kaɗan yake ja ya huta. Cajar mota ba ta hutawa, awa biyu ko biyar ko takwas take yi tana ja da cikakken ƙarfinta, kuma masu motocin lokacin dawowarsu gida ɗaya ne. Ta rushe zaton da aka gina lissafin a kai.

Na taɓa tsayawa gindin wata taransifoma da misalin ƙarfe takwas na dare a tsakiyar bazara, mutanen unguwa sun kewaye ni, sun yi karo-karo sau biyu a shekara guda suna gyara ta, sun gaji. Na maƙala ma'auni a jan layi, ya nuna ya haura 400. Na koma shuɗi, bai kai 150 ba. Jikinta ba ya taɓuwa don zafi, mai yana tsattsafowa ta gefen murfi, ƙasan wurin ya yi baƙi, kana jin ƙaurin. Ba ƙanƙanta ta yi wa unguwar ba. Duk wanda wutarsa ta yi rauni sai ya kira mai hawa falwaya ya mai da shi layin da ya ji an ce ya fi ƙarfi, har aka taru a layi guda. Da muka rarraba gidajen daidai a kan layukan uku, ba tare da an sayi komai ba, ta huce. Ka ƙaddara a wannan jan layin a ƙara cajar mota biyar: amfiya 160 ke nan a kan abin da ya riga ya cika.

Zafi shi ke kashe taransifoma. In wutar da ke bin waya ta ninka biyu, zafin da take haifarwa ninkawa huɗu yake yi. Kuma takardar da aka naɗe wayoyin cikinta da ita tana da ƙa'ida da kowane injiniya ya sani: in zafin ciki ya wuce mizani, duk ƙarin digiri 6 yana ninka saurin tsufanta. Taransifoma tana jure lodin magariba ne saboda tana samun hutu a tsakar dare ta huce. Wannan ya sa ko shawarar "a yi caji da dare" sai an yi ta da hankali a ƙasa mai zafi, domin in motoci suka cinye daren gaba ɗaya da cikakken ƙarfi, an hana ta hutun da take rayuwa da shi.

Abin da ƙasashen suka yi

Motar lantarki tana da wata ɗabi'a da babu wani babban lodi na gida da ke da ita: tana iya jira. Mai girki ba za ta jira ƙarfe biyun dare ba, mai jin zafi ba zai jira ba. Mota kuwa tana fake awa goma ko fiye, tana bukatar awa ɗaya ko biyu a ciki, kuma mai ita bai damu da wace awa ba ce muddin da safe ta cika. Duk ƙasar da ta ci nasara, wannan haƙurin na mota ta yi amfani da shi.

Norway ta bi ta aljihu. Zuwa farkon 2019 an sa wa kusan kowane gida mita mai ƙirga wuta awa-awa, farashin wutar ma yana canzawa awa-awa. Daga Yulin 2022 kuma aka sauya yadda ake biyan kuɗin layi: wani ɓangare na kuɗin ya danganta da awannin da ka fi jan wuta a cikin wata, ba yawan yunit kaɗai ba. Wanda ya haɗa girki da wanki da cajin mota lokaci guda zai haura mataki ya biya ƙari. Wanda ya rage ƙarfin cajarsa ya bar ta ta yi aiki a hankali cikin dare zai zauna a ƙaramin mataki. Ba wanda aka tilasta wa, amma mutane suka koyi saita cajarsu.

Birtaniya ta bi ta doka, kuma tata ce ta fi burge ni. Daga 30 ga Yunin 2022, duk sabuwar cajar gida ko ta wurin aiki da za a sayar dole ta kasance mai iya karɓar umarni ta intanet, kuma ta zo a saite yadda ba za ta yi caji ba daga ƙarfe 8 zuwa 11 na safe da kuma 4 na yamma zuwa 10 na dare a ranakun aiki. Mai ita yana da ikon canzawa in yana sauri, sai dai yawancin mutane yadda suka sami abu haka suke barinsa. Sannan aka ƙara wani sharaɗi da wanda ba ɗan sana'a ba zai ɗauka ƙarami ne: kowace caja sai ta yi jinkirin da ba a san tsawonsa ba, har zuwa minti goma, kafin ta fara ja. Wata ta fara bayan daƙiƙa 40, wata bayan minti bakwai.

Me ya kawo wannan? Turawan Ingila sun san illar mutane su yi abu ɗaya a daƙiƙa ɗaya. A gasar cin kofin duniya ta 1990, da aka gama bugun fenariti tsakanin Ingila da Jamus ta Yamma, jama'a suka tashi daga gaban talabijin gaba ɗaya, aka kunna butocin shayi da fitilu, lodin ƙasar ya yi tsalle da megawat 2,800 cikin 'yan mintuna (megawat ɗaya kilowat dubu ne). Layin wuta na ƙasa dole a kowace daƙiƙa abin da ake samarwa ya yi daidai da abin da ake sha. In lodi ya faɗo kwatsam, injinan tashoshi sai su yi nauyi, juyinsu ya sauka ƙasa da 50 a daƙiƙa, in ya sauka da yawa na'urorin kariya su fara cire tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Abin da muke kira faɗuwar babban layi ke nan. To in aka ce wuta tana araha daga ƙarfe 12 na dare, caja miliyan guda kuma duk suka tashi a daidai 12, megawat 7,000 ne a bugu ɗaya. An gudu daga cunkoson magariba an ƙirƙiri wanda ya fi shi. Jinkirin minti goman nan shi ke mai da tsallen ya zama hawa a hankali.

Jamus ta ƙara gaba. Daga farkon 2024 kamfanin rarraba wuta ba shi da ikon ƙin jona maka caja da hujjar layi ya cika, amma a madadin haka yana da ikon rage mata ƙarfi zuwa kilowat 4.2 in layin unguwa ya shiga matsi, kai kuma a rage maka kuɗin layi. Ba a kashe ta, ragewa ake yi, kuma a wannan ƙarfin ma awa biyu sun isa tafiyar yini. A ganina wannan ciniki ne na adalci. Holan kuwa ita ce misalin abin da ke faruwa in lantarki ya riga layi gudu: sola da motoci da na'urorin ɗumama gida sun yawaita har a yankuna da dama kamfanoni suna layin jiran a jona su.

Manyan cajoji na bakin hanya, masu kilowat 50 zuwa 350, da garejin bas-bas, lissafinsu daban ne. Waɗannan ba a jona su a taransifomar unguwa, layinsu ake ja musu daga babbar waya da taransifomarsu, wani lokaci a ajiye ƙaton batir a wurin ya riƙa cika a hankali yana juye wa mota da sauri. Birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya mai da bas ɗinsa sama da 16,000 masu lantarki kafin ƙarshen 2017, kuma yawancin cajinsu a gareji ake yi da dare. Irin wannan lodi ya fi sauƙin sarrafawa, don mai shi ɗaya ne, an san wurin, an san lokacin.

In abin ya zo wajenmu

Bambancinmu da su a fili yake. Su suna neman su hana kowa taruwa a awa guda cikin awa 24 da suke da wuta. Mu ba mu ke zaɓar awar ba. Babban layin Najeriya abin da yake kaiwa ga mutane sama da miliyan 200 yawanci tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000. Motoci 100,000 a yunit 8 kowace ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na wutar yini ba. Amma in suka ja tare a kilowat 7, megawat 700 ke nan, daidai da dukkan ƙarfin tashar Zungeru.

Kuma a wajenmu tare za su ja, saboda abin da kowa ya sani: lokacin da yara suka yi ihun an kawo wuta. A wannan mintin firiji da ya yini a kashe yana ja da ƙarfi, famfon rijiyar burtsatse ya tashi, an jona dutsen guga, batiran inbata na kowane gida sun buɗe baki. Mafi yawan fis ɗin da na ga sun tsinke da taransifomomin da na ga sun ƙone, a cikin rabin awar farko bayan dawowar wuta abin ya faru. Mai mota da bai san ko wutar za ta kai awa biyu ba, ba zai yarda ya yi caji a hankali ba, zai buɗe cajar iya ƙarfinta. Ba na ganin laifinsa. Don haka tsarin farashin dare, irin wanda Kenya ta fito da shi a 2023, inda aka sa yunit ɗin cajin abin hawa shilin 16 da rana ya koma 8 daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, ba zai yi aiki ba sai a layin da mutum ya tabbata zai sami wuta a daren. A yanzu layukan rukunin A ne kawai, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, za a iya gwada wannan a kansu. Abin da za mu iya ara yau ba tare da jiran komai ba shi ne jinkirin nan na Birtaniya. Da ni ke rubuta ƙa'ida, ba cajar da za ta shigo ƙasa sai mai jiran wasu mintuna bayan dawowar wuta, mai kuma rage ja da kanta in ƙarfin wuta ya sauka. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, don haka jiha ma tana iya sa wannan sharaɗi.

Inda muka fi su kuwa shi ne rana. A Kalifoniya ta Amurka sola ta yi yawa har wutar tsakar rana takan rasa mai sha, masana a jami'ar Stanford suka fitar da bincike a 2022 suna ba da shawarar a karkata caji zuwa rana, a wuraren aiki, maimakon dare a gida. Abin da su suka zo gare shi daga baya, mu da shi ya kamata mu fara. Tashar cajin mota ta gwaji da hukumar kera motoci ta ƙasa ta buɗe a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a 2021, zamanin da Jelani Aliyu ke shugabantar hukumar, da hasken rana take aiki. Matsalar ita ce keke da babur da rana suke neman kuɗi, ba za su tsaya a rumfa ana caji ba. Maganin wannan shi ne musayar batir: batiran suna kan kanta suna shan sola da hantsi, direba ya zo ya ajiye wanda ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin minti biyu ko uku. Haka masu babura ke yi a Ruwanda da Kenya da Benin da Togo. Ta fuskar layin wuta wannan shi ne lodi mafi ladabi da na sani, domin mai tashar yana iya cajinsa a duk lokacin da wuta ta samu, ya dakata lokacin da layi ya yi nauyi. Ina da yaƙinin cewa a garuruwanmu ta keke da babur lantarki zai shigo, kafin motar gida.

Za ka kuma ji ana maganar mota ta mayar da wuta gida ko layi. Gaskiya ne, akwai. A Japan an fara sayar da na'urar da ke ba gida wuta daga motar Nissan Leaf tun 2012, bayan girgizar ƙasar 2011, kuma birnin Utrecht na Holan yana amfani da motocin haya wajen tallafa wa layi da yamma. Batir mai yunit 60 zai riƙe gidan da ke shan yunit 10 a rana kusan kwana shida. Sai dai ina jan kunne da babbar murya: duk abin da zai tura wuta cikin wayar gida dole a sa makunnin da ke raba gidan da layin waje. Na san ma'aikacin da wuta ta jefo daga kan falwaya a layin da aka tabbatar masa an kashe, ashe wani gida ne ya jona janareto kai tsaye, wutar ta koma baya. Ya rayu, amma hannunsa bai koma daidai ba. Batirin mota zai yi irin wannan ɓarnar, kuma shi ba shi da ƙarar da za ta gargaɗi kowa.

Kekunanka biyu

Keke biyu ba za su ƙona taransifomar unguwa ba in tana da lafiya. Batirin keke ƙarami ne ƙwarai in aka kwatanta da na mota. Ka sa mai sayarwa ya nuna maka lamba biyu a rubuce: yunit nawa batirin yake ɗauka, kuma wat nawa cajar take ja. A ce batirin yunit 8 ne, cajar kuma kilowat ɗaya da rabi. Biyu tare kilowat 3 ke nan, amfiya 13, na tsawon awa shida ko kusa da haka. Hatsarin a cikin gidanka yake. An taɓa kirana wani gida inda aka kwana ana caji ta doguwar wayar ƙari mai baki huɗu, irin ta talabijin. Da safe robar soket ɗin ta narke ta manne da filogi, bangon ya yi baƙi har kusa da labule. Allah ne ya kiyaye. Soket ɗin da aka rubuta wa amfiya 13 yana ɗaukar hakan na ɗan lokaci, ba dare guda ba, balle in jabu ne ko sukurorinsa sun saki.

Ka sa ƙwararren mai aikin wuta ya ja waya ta musamman mai kauri daga akwatin rarraba wutar gida zuwa inda kekunan za su kwana, kowane da soket ɗinsa da abin katse wuta nasa, har da mai katsewa in wuta ta zurara. A kafa ƙarfen ƙasa na gaske a gwada shi, don gidaje da yawa wayar ƙasarsu ado ce kawai. Ka sa na'urar kariya mai yanke wuta in ta yi sama ko ƙasa da yawa, mai kuma jira kafin ta mayar, irin wadda ake sa wa firiji amma mai ƙarfin da ya dace. In gidanka layi uku ne, kada ka ɗora su a layi guda. Wurin cajin ya zama mai iska, a inuwa, nesa da ɗakin kwana da zauren da ake fita ta cikinsa, kuma a bar batir ya huce bayan aikin yini kafin a jona shi. Ta wajen kuɗi, ko a farashin rukunin A da ya haura naira 200, yunit 10, wato cajin keke ɗaya har da abin da ke salwanta, bai fi naira dubu biyu da 'yan kai ba. Sai ka gwada da abin da direba ke zubawa na fetur a yini. Amma in za ka dogara da janareton fetur wajen caji, ribar ta tafi. Ingancin batirin kansa da shekarun da zai yi ba fannina ba ne, wannan ka nemi masu gyaransa da waɗanda suka riga ka saya, ka kuma karɓi garanti a rubuce.

Hukuncin layinku kuwa sai an auna, ba a yanke shi daga nesa. Tunda ka ce walda tana dushe maka ƙwai, alama ce ko kana ƙarshen layi, ko wayar ta yi siriri, ko layin da kake kai ya yi nauyi. Kafin ka biya kuɗin keke, ka sami mai aikin wuta ya auna ƙarfin wutar gidanka kwana uku a jere, da ƙarfe takwas na dare da kuma bayan sallar asuba. Ya kamata ma'aunin ya nuna kusa da volt 230. In da dare yana sauka ƙasa da 200 amma da asuba yana dawowa daidai, to ka mai da cajinka tsakar dare zuwa asuba. In ko da asubar ma bai kai ba, ko wutar ba ta kai muku awa shida a rana, ka sa kuɗin faranten sola ko na musayar batir cikin lissafinka tun yanzu. Ka rubuta awannin da kuke samun wuta na mako guda, ka haɗa da lambobin jikin cajar ka aiko mini, in sha Allahu zan lissafa maka kaurin wayar da yawan faranten da za su ishe ka.